Dariyar da Muke Yi wa Ɗan Daudun Talabijin

Jama'a, a matso kusa, yau zancen na cikin gida ne, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Duk gidan da ke da akwatin talabijin a ƙasar Hausa yana da dokokin kallo waɗanda ba wanda ya rubuta su amma kowa ya haddace. Maigida a kan doguwar kujera da rimot a hannu, uwargida a gefe tana yi wa 'yar auta kitso, yara a ƙasa sun miƙe ƙafafu a kan leda, ga 'ya'yan maƙwabta a bakin ƙofa waɗanda tun la'asar aka aiko su aron rariya. In jarumi ya matso kusa da jaruma fiye da kima, sai tari ya kama maigida, uwargida ta tuna akwai tukunya a wuta, a aiki babban yaro ya ɗebo ruwa a randa alhali ga kofi cike a gaban kowa. Duk mun yi, duk an yi mana. Amma akwai mutum ɗaya da in ya faɗo cikin akwatin ba a tari, ba a aiken kowa ɗebo ruwa, sai ma a ƙara murya. Ɗan daudu kenan.

Da ya shigo, zani ɗaure a ƙirji, ɗankwali a karkace, yana tafe yana rangwaɗa, hannu ɗaya a ƙugu ɗaya yana yarfawa, ya tafa ya ce ahayye, ya murguɗa baki ya yi fari da ido, shi ke nan falo ya kaure. Hajiya kaka tana cewa a'uzubillahi, Allah ya shirya, Allah ya tsare mana zuri'a, tana kuma share hawayen dariya da gefen mayafi. Maigidan da ya ce shi ba ya kallon shirme, ga shi ya kashe rediyo ya gyara zama. Washegari 'yan mata a bakin famfo sun haddace habaicin kaf, samari a majalisa suna kwaikwayon tafiyar, mai shayi ma in ka ce ya ƙara maka sukari da muryar zai amsa. Ana so ana kaiwa kasuwa. Marigayi Rabilu Musa Ibro, Allah ya jiƙansa, wanda ya rasu a Disambar 2014, babu irin mutumin da bai kwaikwaya ba, ya kuma yi Ibro Ɗan Daudu a farkon shekarun 2000, kaset ya zaga gidaje. Ado Gwanja ma, kafin waƙoƙinsa su mamaye gidajen biki har a ce masa Limamin Mata, da fitowar daudu aka fara saninsa a fim, ya kuma iya ta har sai da ya riƙa yi wa mutane bayani cewa wasa ne. Mu ne muka ce ya burge mu, mu ne kuma muka koma muna tambayar juna a ɓoye, anya kuwa?

Ku tsaya mu duba abin da marubutan fim suke ba ɗan daudu ya yi. Aikinsa bai cika wuce uku ba: ya kai saƙon Alhaji wurin yarinya, ya raka Hajiya wurin boka, ya haɗa kishiyoyi faɗa. In labari ya yi lami, sai a barbaɗa shi kamar yaji a kan tsire, a yi dariya, a koma kan masoya. Ƙarshensa kuma sananne ne tun kafin a fara: ko matasan unguwa su bi shi da gudu zani na kwancewa, ko 'yan Hisba su tasa ƙeyarsa, ko jarumi ya kwaɗa masa mari mu ce Allah ya ƙara. Da wuya ka ga an ba shi uwa da ke kwance a asibiti, ko ƙanwa da yake haɗa wa kayan ɗaki, da wuya a nuna shi yana alwala, ko shi kaɗai a ɗaki da dare abin duniya ya ishe shi. Ko suna na kirki ba a ba shi, sai laƙabi. An cire masa komai an bar masa tafiya da murya.

Alhali mun san shi, ba labari aka ba mu ba. Wane ne bai taɓa sauka a tashar mota da yunwa ya nufi rumfar da ƙamshin soyayyar kaza ya fi tashi ba, ya kuma san sarai hannun wa ya soya ta? Wace uwar biki ce ba ta san cewa in ana son shinkafar taro ta dahu ba ta caɓe ba, akwai waɗanda ake kira? Mu ci, mu suɗe hannu, mu ce a ƙara romo, mu yi ƙunshi mu kai wa iyali, sannan mu zauna a majalisa mu tsine wa mai girkin. A yi biki ya zo ya yi liƙi, ya fi dangin ango sakin hannu, amarya ta karɓi gudummawa ta yi godiya, yana fita a hau gulmarsa. Da yawansu suna da mata da 'ya'ya, suna biyan kuɗin makaranta, suna azumi, wasu sun sauke farali ana ce musu Alhaji. Wani Ba'amurke mai nazarin harshe, Rudolf Gaudio, ya zauna da su a Kano a shekarun 1990, ya fitar da littafi a kansu a 2009, kuma abin da ya tarar bai wuce abin da kowace tsohuwa a Fagge za ta gaya maka kyauta ba: mutane ne masu sana'a da dangi da ibada da nasu zunubin, irin kowa.

Nan ne talabijin ya yi mana babbar ɓarna, mu kuma muka taya shi. Ya koya mana cewa ɗan daudu da mai neman maza abu ɗaya ne, kuma wai ana gane mutum daga tafiyarsa. Ba haka ba ne, kowa ya sani a ransa. Akwai ɗan daudun da iyakarsa tukunya da hira da mata da iya habaici, akwai kuma mai harka da in ka gan shi da gemu da babbar riga da kakkausar murya sai ka matsa masa a sahun gaba. Wannan na biyun ba ya fitowa a fim, domin ba ya ba da dariya, domin kuma ya yi kama da mu da yawa. Mun fi son wanda za mu nuna da yatsa daga nesa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Hukuncin luwaɗi a addini ba ɓoyayye ba ne, yaron Islamiyya ma ya san shi, dokar ƙasa kuma tana nan tun Janairun 2014 da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa mata hannu, da ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi, ban da dokokin shari'a na jihohi 12 na Arewa. Ba wannan ya zaunar da ni ba. Abin da ya dame ni shi ne yadda muka mayar da lanƙwasar hannu shaida, muka mayar da siririyar murya hujja, muke yanke hukunci a falo tsakanin talla da talla.

Hukumar tace finafinai ta Kano, wadda aka kafa a 2001, ta ce abin ya yi yawa, a 2024 ƙarƙashin Abba El-Mustapha ta hana finafinan da ke nuna daudu da daba. Muka yi ta buga waya gidajen rediyo muna sa albarka, muna cewa dama an daɗe ana ɓata mana tarbiyya. Da dare kuma kowa ya ja bargo ya buɗe TikTok, ya nemo ainihin abin da aka hana, ya tura wa abokai a WhatsApp da 'yar fuskar nan mai hawayen dariya. Ni ban ga laifin hukuma ba in ta ce a rage shirme, amma cire mutum daga akwati ba ya cire shi daga tasha, dariyar da muka koya kuma tana nan a bakinmu, sai dai ta nemi wani ta sauka a kansa. Ku kuma lura da su biyun da aka haɗa a takarda ɗaya, ɗan daba da ɗan daudu. Su ne iyaka biyu na namijin da fim ɗinmu ya sani.

Tun asali da tsawa akwatin nan ya fara nuna mana namiji. Talabijin ya iso Kaduna a 1962, iyayenmu suka taso da Samanja Mazan Fama, marigayi Usman Baba Pategi, tsohon soja da kaki da muryar fareti, in ya daka tsawa yara a tsakar gida sai su ƙame. Muna sonsa har gobe, domin shi ya san tsawar tasa ta wasa ce. Da finafinan bidiyo suka zo, daga Turmin Danya a 1990, namiji ya rabu gida-gida. Akwai Alhaji mai tumbi da mota da saki uku a aljihu. Akwai saurayi ɗan gayu wanda ba a taɓa ganinsa wurin aiki ba amma kullum da mukullin mota a yatsa. Akwai ɗan daba irin Abale na shirin A Duniya, wanda aka ce don jan kunne aka yi shi, yara suka ɗauki sarar da tafiyar suka bar jan kunnen. Sai mijin-ta-ce, irin Kamaye a hannun Adama a Daɗin Kowa na Arewa24, shi ma don dariya aka ajiye shi. In namiji bai yi tsawa ba, bai yi mari ba, bai yi kuɗi ba, to abin dariya ne. In aka nuna shi yana wanke kwano, to an shanye shi, sai a nemo malami ya karya asiri.

To mu leƙa waje mu ga mazan da muke da su. Wa ke soya ƙwai a bakin titi tun asuba? Wa ke gasa tsire, ya shanya kilishi, ya yanka albasa siri-siri? Wa ke ɗinka wa amarya kayan fitar biki, ya san inda za a tsuke da inda za a saki? Wa ke zaune a Kantin Kwari ya fi kowace mace sanin atamfar da ke yayi? Duk maza. Mai shayin nan da ya gama da kiret ɗin ƙwai kafin hantsi, in ya koma gida ya tarar matarsa na zazzaɓi, sai ya leƙa ya tabbatar ba mai ganinsa kafin ya hura wuta, domin a wurinmu girki don kuɗi sana'a ne, girki don tausayi kuma daudu ne. Mu muka ƙirƙiri wannan lissafi, ba ya cikin littafi ko ɗaya. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana taya iyalinsa aikin gida, yana ɗinke tufarsa, malamai suna faɗa mana a wa'azi, mu yi kabbara, mu koma gida mu ƙwala wa yarinya kira ta miƙo mana ruwan da ke kusa da ƙafarmu.

Ranar Juma'a kuma a zo a gan mu: shadda ta sha bugu, hula an daɗe ana karya ta a gaban madubi, kwalli a ido, zoben azurfa a yatsa, turare har na bayanka a sahu ya yi atishawa. Ango a wasu garuruwan har lalle ake sa masa. A makarantar kwana ta maza in za a yi wasan kwaikwayo dole wani ya ɗaura zani ya zama amarya, kuma shi ya fi samun tafi. Goman ƙarshe na azumi limami ya fashe da kuka a tahajjud, ƙarti majiya ƙarfi su bi shi da shessheƙa, ba wanda ya ce musu namiji ba ya kuka. Amma yaro ɗan shekara shida ya faɗi ya fasa gwiwa, abin da zai fara ji shi ne, yi mana shiru, kai mace ne?

Ga kuma Indiya. Tun zamanin silima, su Plaza da Orion da Marhaba a Kano, muke kallon maza suna rawa cikin furanni suna hawaye shaɓe-shaɓe saboda mace, kuma mu muka raɗa musu suna: Dharmendra Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt Ɗan Daba Mai Lasin, Rishi Kapoor kuwa muka ce masa Mace, muka kuma ci gaba da cika silima in an sa fim ɗinsa. A Sholay na 1975, Amitabh Bachchan da Dharmendra suna bisa babur ɗaya suna waƙar abota, da ɗayan ya zo mutuwa ɗayan ya rungume shi yana kuka, silima ta yi tsit, 'yan dako da 'yan tauri suna jan hanci a duhu. Ba wanda ya kawo komai a ransa, domin mun san wannan abotar, irin tamu ce. Daga can Kannywood ta ɗebo rawa da waƙa, su Ali Nuhu da Adam A. Zango suka yi ta juyi a lambu, malamai suna faɗa, mu muna sayen kaset.

Da kwandon tauraron ɗan'adam ya hau rufin kwanonmu sai muka haɗu da na Turawa. Su ma sun daɗe a inda muke. Shekaru da yawa talabijin ɗin Amurka bai cika nuna mai neman maza ba sai a matsayin abin dariya, ko mugu, ko majinyacin da zai mutu kafin a tashi shiri. A 1997 'yar barkwanci Ellen DeGeneres ta bayyana kanta a matsayin mai neman mata a cikin shirinta, aka yi ta cece-kuce har wasu kamfanoni suka janye talla, a 1998 kuma Will & Grace ya fito da nasa mai rangwaɗar, Jack, wanda aikinsa ba da dariya. Abin da ya rikita mu shi ne lokacin da suka daina sa masa rangwaɗa. A The Wire akwai Omar mai doguwar riga da bindiga, wanda ke yi wa dillalan ƙwaya fashi a Baltimore, in ya doso layi kowa ya watse, kuma shi ke raka kakarsa coci. A Money Heist na Sifaniya akwai Helsinki, ƙato mai gemu, tsohon soja. Samarinmu sun gama yaba jarumtarsa, sai labari ya nuna ko wane ne shi, ka ji ɗaki ya ɗauki salati, a kai hannu a tura gaba, a ci gaba da kallo. Kallon dai ba a fasawa. T-Bag na Prison Break kuwa bai ba mu wahala ba, domin mugu ne, ya zauna daidai inda muka tanadar masa.

Gidan kallon ƙwallo ma bai tsira ba. Shekaru da dama kyaftin-kyaftin na gasar Firimiya ta Ingila sun riƙa ɗaura ƙyallen bakan gizo a dantse a wasu makonni, mun san ma'anarsa, mun yi tsaki, mun biya kuɗin shiga mun zauna a benci. Da Idrissa Gueye ɗan Senegal ya ƙi buga wa PSG wasa a Mayun 2022 saboda riga mai wannan launi, muka yi masa kirari, ranar Asabar muka koma benci. A bencin nan kuma, in an zura ƙwallo a minti na 90, za ka ga magidanci ya rungume wanda bai taɓa gani ba ya ɗaga shi sama. Messi ya yi kuka a 2021 ranar da zai bar Barcelona, muka taya shi, ba wanda ya ce masa mace. A Nijar in ana kokawar takobi Télé Sahel ta haska, Maraɗi da Damagaram da Tawa kowa ya ajiye abin da yake yi ya zuba ido ga ƙarti biyu da suka sarƙe juna a fili, kuma abin da kowa ke gani kokawa ce, ba wani abu ba.

Abin da ya fi ci mini rai a duk wannan shi ne hannu. Mu mutane ne masu riƙe hannu. Aminai biyu su taso daga masallaci hannu cikin hannu har ƙofar gida, su tsaya su yi sallama, wannan ya raka wancan, wancan ya sake rako wannan, har a kira isha'i. Samari biyar a shago ɗaya, katifa ɗaya, kwano ɗaya, riga ɗaya ana karɓa-karɓa ranar zuwa zance. Dattijo ya kama hannun abokinsa tun daga sallama har a gama tambayar iyali da gona da gajiya bai saki ba. Babban abokin ango ya fi ango rashin barci. Ba daga waje aka kawo mana wannan ba, kuma babu ƙazanta a cikinsa. Yanzu ku lura da 'yan sakandare da 'yan jami'a: ɗaya ya dafa kafaɗar ɗaya, sai ka ji, kai malam sake ni, kar a ce. Kar a ce me? Sun kalli finafinan da a cikinsu maza biyu ba sa riƙe hannu sai da dalili, sun kuma kalli namu da ke koya musu farautar alama a jikin mutane, sai suka fara zargin abin da kakanninsu suka yi shekara da shekaru da zuciya ɗaya. Talabijin na waje ya kawo fassarar, namu ya kawo tsoron, mu muka haɗa biyun muka miƙa wa yaranmu. Saurayi yau yana iya kwana da damuwa a ciki har ta kwantar da shi, bai faɗa wa amininsa ba, don kada a ce ya cika mata-mata. Wannan asara ce, kuma ba wata hukuma da za ta dawo mana da abin.

Sannan akwai yaron nan. Kowace unguwa tana da shi, kowane dangi ma. Allah ya yi shi da sanyin murya, ba ya son dambe, ya fi son zama kusa da mahaifiyarsa yana taya ta gyaran alayyafo, in ya yi dariya yana rufe baki. Bai san komai ba, shekararsa tara. Daren Asabar an nuna ɗan daudu a fim, gidansu an yi dariya har da shi, ranar Litinin a makaranta an raɗa masa sunan, daga nan nasa na yanka ya ɓace. Malamin aji ya ji ya yi murmushi, yayyensa su ce za su gyara shi, uba ya ɗauko bulala don kunyar majalisa, uwa ta kore shi daga madafa ta koma ɗaki tana kuka. Wani ya koyi ɗaure fuska da cin zali don ya tsira, ya zama ɗan daban da muke kuka da shi. Wani ya daina magana. Wani ya bar gida ya tafi inda ba za a yi masa dariya ba, wurin waɗanda aka ce shi nasu ne, mu kuma mu ce ai dama mun faɗa. Magana zarar bunu ce. A shirin Empire na Amurka da aka fara a 2015 akwai inda uba ya ga ɗansa, yana ƙaramin yaro, ya sa takalmin uwarsa, ya sunkuce shi ya jefa a kwandon shara. Duk wanda ya kalli wurin a cikinmu ya ce kai, wannan uba ba shi da imani, alhali da bakinmu mun yi wa ɗan maƙwabci abin da ya kusa haka.

Addinin da muke kafa hujja da shi bai sakar mana baki haka ba. Suratul Hujurati ta hana izgili, ta hana jifan juna da munanan laƙabi, ta hana yawan zato da bin diddigin asirin mutane, ƙazafi kuma yana cikin manyan zunubai. Shari'a ta tsaurara shaida ne don kada a kama mutum da ji-ta-ji-ta. Mu kuwa ayar da ta shafi wani mun haddace, wadda ta shafe mu mun bar ta a allo. A Janairun 2014 a Bauchi, ana shari'ar wasu da ake tuhuma, jama'a suka taru suka yi wa kotun ruwan duwatsu, kotun shari'ar Musulunci fa, sai da jami'an tsaro suka tarwatsa taron. Waɗanda suka ɗauki dutsen nan ba daga wata duniya suka zo ba, 'yan'uwanmu ne, tare muke kallo. Wanda aka saba yi wa dariya ba a jin nauyin jifansa, shi ya sa ban ɗauki dariyar falo ƙaramin abu ba.

To 'yan'uwa na Kannywood, su Malam Aminu Saira da kuka nuna da Labarina cewa za a iya riƙe mu shekaru da labari mai hankali, da masu rubuta wa Arewa24, da masu sakin shiri a YouTube, ga roƙo. Ban ce ku yi fim ɗin da zai saɓa wa addininku ko ya haɗa ku da hukuma ba. Ku dai ba mu mazan da muka sani. Ku ba mu direban tirela da matarsa ta rasu yana fama da tsifar kan 'yarsa da hannun da bai saba ba. Ku ba mu aminai biyu da suka tsufa tare, ɗaya yana jinyar ɗaya. Ku ba mu yaro mai sanyin murya da ya girma ya zama likita ko tela ko limami ba tare da an mare shi ba. In mai tuwon tasha ya shigo labari, ku ba shi suna da uwa da ranar rashin lafiya. Mu kuma iyaye da yayye da malaman aji, duk ranar da muka ji an kira yaro da sunan ɗan daudun fim, mu tsawatar a take, ko da ɗanmu ne ya faɗa, ko da mu ne muka fara dariyar.